John Wayne: Shekara 46 Yana Harbi A Allo, Bai Taɓa Zuwa Yaƙi Ba

Duk wanda ya yi wayo a biranen Arewa kafin kaset ɗin bidiyo ya durƙusar da gidajen silima ya san kalmar kaboyi, ko da kuwa mahaifinsa bai taɓa barinsa ya leƙa ƙofar Plaza ko Eldorado ba. Kalma ce da muka aro daga Ingilishi, inda ma'anarta ba ta wuce makiyayin shanu a kan doki ba, amma da ta shigo bakinmu sai ta bar shanun a baya, ta riƙe malafa da takalmi da bindiga a kwankwaso. A Nijar ma haka abin yake, har ta kai a 1966 Moustapha Alassane ya shirya wani fim a kan saurayin da ya dawo gida da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, su kuma suka hau dawaki suka addabi gari. In kuwa aka ce a nuna mutum ɗaya tak da ya zama fuskar wannan kaboyi a duniya, ba za a yi dogon musu ba kafin a tsaya a kan John Wayne. Ya fito a matsayin jarumi a finafinai sama da 140, kuma da wuya mai karatu ya tuno shi hannu rabbana. Don haka na ga hanya mafi sauƙi ta bin tarihinsa ita ce a bi bindigogin da ya riƙe, a ga abin da suka ce game da shi, da kuma abin da suka ɓoye.

Sunansa na yanka Marion Robert Morrison. An haife shi ranar 26 ga Mayu, 1907, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Winterset a Jihar Iowa ta Amurka. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne wanda kasuwa ba ta taɓa yi wa daɗi ba, abin da ya sa iyalin suka ƙaura zuwa Kalifoniya. A garin Glendale yaron yana da wani kare mai suna Duke da ba sa rabuwa, sai 'yan kwana-kwanan unguwar suka laƙaba masa sunan karen, shi kuwa ya karɓa hannu bibiyu domin ya tsani Marion, wanda a kunnen Amurkawa ya fi kama da sunan mata. Ƙwallon ƙafa irin na Amurka ya samar masa gurbin karatu kyauta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, amma raunin da ya ji a kafaɗa wajen wasan igiyar ruwa a bakin teku ya raba shi da ƙwallon, ya kuma raba shi da karatun. Daga nan ya koma ɗaukar kayan aiki a kamfanin finafinai na Fox, yana jan kujeru da fitilu, kuma a can ne ya haɗu da darakta John Ford, mutumin da zai zame masa uba, malami, kuma mai yi masa gori har ƙarshen rayuwa.

A 1930 darakta Raoul Walsh ya ɗauke shi ya ba shi jagorancin wani ƙasaitaccen fim, The Big Trail, aka kuma raɗa masa sabon suna ba tare da an nemi shawararsa ba. Wayne ɗin an aro shi ne daga wani janar na yaƙin neman 'yancin Amurka, Anthony Wayne. Wato tun ranar farko sunan soja aka ɗora wa mutumin da ba zai taɓa sa kaki na gaske ba. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa, shi kuma ya faɗa cikin shekara tara na ƙananan finafinan kaboyi masu arha, irin waɗanda ake gamawa cikin kwanaki kaɗan. Har mawaƙin kaboyi aka sa shi ya zama a 1933, da muryar aro. Amma a wannan makarantar wahala ce ya koyi sana'arsa, musamman a hannun Yakima Canutt, gwanin sukuwa da faɗowa daga doki, wanda daga gare shi ya kwaikwayi tafiya da magana ƙasa-ƙasa da yadda ake zare bindiga ba tare da rawar jiki ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya a kan kayan aikin. Kalmominmu uku na wannan fage duk daga Larabci suka zo: bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga barud, harsashi kuwa daga rasas, wato dalma. To abin da ake ɗura wa bindigar fim yana da kwanso, yana da albarushi, yana ƙara yana hayaƙi, amma ainihin abin da kalmar harsashi ke nufi shi ne babu a ciki. Holiwud ta daɗe tana amfani da wani irin holoƙon harsashi guda da ke shiga bindigogi iri biyar, libarba uku da dogaye biyu, kuma kamfanoni irin su Stembridge ne ke ba da hayar makaman. Wannan sauƙi, ba binciken tarihi ba, shi ya zaɓa wa Wayne bindigogi biyun da aka fi saninsa da su: libarbar Colt ƙirar 1873 mai cin harsashi shida, wadda sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, da doguwar Winchester ƙirar 1892 wadda John Browning ya zana.

Winchester ɗin ce ta mai da shi tauraro. A 1939 Ford ya kira shi ya fito a Stagecoach, labarin wasu fasinjoji a keken doki da suka ratsa ƙasar ƙabilar Apache. Ana cikin tafiya sai a ji ƙarar bindiga, dawaki su tsaya, na'urar ɗaukar hoto ta ruga zuwa fuskar wani dogon saurayi riƙe da sirdi a hannu ɗaya, yana wulwula doguwar bindiga da ɗayan. Domin a samu wannan wulwulawa sai da aka faɗaɗa mariƙin ƙarfen da ake ɗana bindigar da shi ya zama babban zobe, aka kuma rage tsawon bakinta don kada ta doke shi a hammata. Kowane maharbi zai gaya maka cewa wannan salo ba ya ƙara komai wajen saiti, illa ma hatsarin harbin kai. Ado ne kawai. Bugu da ƙari, labarin a cikin shekarun 1880 aka kafa shi, lokacin da ba a ƙera bindigar ba tukuna. Duk da haka daƙiƙun nan kaɗan sun yi abin da shekara tara ba su yi ba. A ƙarshen fim ɗin harsashi uku kacal ya ɓoye a malafarsa, mutum uku kuma yake nema da jinin mahaifinsa da ƙanensa, Ford kuwa bai ma nuna yadda aka yi ba, sai dai jarumin ya faɗi ƙasa yana harbi, sauran a ji da kunne.

Shekara biyu bayan haka yaƙin gaske ya zo. Lokacin da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941, Wayne na da shekara 34 da 'ya'ya huɗu, aka kuma ɗaga masa ƙafa daga shiga soja saboda nauyin iyali. Daga baya kamfaninsa, Republic, ya nemi a ci gaba da ɗaga masa, domin shi ne kadarar da ta fi kawo musu kuɗi. Adalci ya sa a faɗi cewa akwai takardar neman aiki da ya cike ta hukumar leƙen asiri ta lokacin, kuma ya yi wata uku tsakanin 1943 da 1944 yana zagaya sansanonin soja a Ostireliya da tsibiran kudancin Tekun Fasifik don nishaɗantar da dakaru. Amma adalci ya kuma sa a faɗi cewa James Stewart ya tuƙa jiragen ruwan bama-bamai a kan Jamus, Henry Fonda ya shiga sojan ruwa, Clark Gable da ya girme shi ya sa kaki, shi kansa Ford ya ji rauni yana ɗaukar hoton yaƙin Midway a 1942. Da manyan suka tafi sai fili ya zama na Wayne, ya yaƙi Japanawa a sama a Flying Tigers, ya yaƙe su a ƙasa a Back to Bataan, duk a Kalifoniya. Matarsa ta uku, Pilar, ta rubuta daga baya cewa zafin kishin ƙasar da ya nuna a sauran rayuwarsa ƙoƙari ne na biyan bashin wannan zaman gida. Ina ganin ba a sami bayanin da ya fi nata ba.

Abin mamaki, sai bayan an gama yaƙin ne ya zama sojan da Amurka ta fi sani. A Sands of Iwo Jima na 1949 ya fito a matsayin Saja Stryker, riƙe da M1 Garand mai cin harsashi takwas, bindigar da sojan ƙasa na Amurka ya yi yaƙin da ita. A ainihin gumurzun tsibirin Iwo Jima a 1945 Amurkawa kusan 7,000 ne suka mutu, Japanawa kuwa sama da 18,000. Rundunar sojan ruwa masu yaƙi a tudu ta ba shirin fim ɗin cikakken goyon baya, kuma ta ci ribarsa shekaru da dama wajen ɗaukar kurata. A ƙarshe wani maharbi da ya ɓuya a rami ne ya kashe Stryker, aka sami wasiƙar da bai gama rubuta wa ɗansa ba a aljihunsa. Wannan rawar ce ta fara kai sunan Wayne cikin masu takarar lambar Oscar. A wannan shekarar ce kuma ya zama shugaban wata ƙungiyar 'yan fim masu farautar 'yan gurguzu a Holiwud, farautar da ta raba marubuta da dama da abincinsu.

Ba zan yi wa mutumin ƙwange ba: gwani ne, kuma finafinansa biyu mafi kyau sun fi shi kansa sanin abin da bindiga ke yi wa mai riƙe da ita. The Searchers na 1956 ya buɗe ne da rubutun da ke cewa ana Texas a 1868, ga shi kuma Ethan Edwards ɗauke da Colt ɗin da sai bayan shekara 5 za a ƙera, da Winchester ɗin da sai bayan shekara 24. Wannan ƙaramin laifi ne. Babban abin shi ne yadda yake amfani da su. Ethan ya shekara biyar yana neman 'yar ƙanensa da 'yan ƙabilar Comanche suka sace, kuma sannu a hankali mai kallo zai gane ba ceto ne a ransa ba, kashe ta yake son yi domin ta zama matar ɗaya daga cikinsu. A wani wuri ya tarar da gawar Ba-Comanche, ya zare libarba ya harbe idanunta biyu, don ya san a aƙidarsu marar ido ba ya samun shiga lahira. A wani wurin ya dinga harbin garken ɓauna ba don nama ba, sai don kada maƙiyansa su sami abinci da hunturu. Ya kuma harbe wani ɗan kasuwa da mutanensa biyu ta baya. Ford bai yaba wa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da aka dawo da yarinyar kowa ya shiga gida, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya, ƙofa ta rufe.

Na biyun shi ne The Man Who Shot Liberty Valance na 1962. Lauya ne, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa, ya zo garin da babu doka da littattafansa, ƙarshe dole ta sa ya fuskanci ɗan ta'addan garin da 'yar bindigar da bai iya riƙewa ba. Ɗan ta'adda ya faɗi, lauya ya yi suna, ya zama gwamna, ya zama sanata. Sai daga baya aka san cewa Tom Doniphon, wato Wayne, shi ne ya yi harbin da Winchester daga cikin duhun wani lungu. Ya rasa matar da yake so, ya ƙone ɗakin da ya gina mata, ya mutu matalauci ba wanda ya tuna da shi. Mai karatu zai lura cewa labarin ya kifa rayuwar 'yan wasan biyu: a allo Stewart ne ya ci sunan harbin da bai yi ba, a zahiri kuwa Stewart ne ya je yaƙi. An ce Ford bai bar Wayne ya manta da wannan ba a duk tsawon ɗaukar fim ɗin. (A wannan shekarar ce kuma aka saki Hatari!, wanda ya yi a Tanganyika yana kamun namun daji da igiya. Kalmar ta Suwahili ce, kuma ita da haɗarinmu uwarsu ɗaya a Larabci.)

Tsakanin waɗannan akwai The Alamo na 1960, wanda shi ya ba da umarni ya kuma zuba dukiyarsa har ya kusa tsiyacewa, inda ya riƙe doguwar bindiga mai ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki, 'yar uwar adakar maharbanmu. Akwai kuma The Longest Day, inda yana da shekara 54 ya fito a matsayin wani laftanar-kanar da ke da shekara 27 a ranar da aka sauka Normandi a 1944.

Kada a ɗauka holoƙon harsashi ba ya da tasiri a wajen silima. Kamfanin Colt ya daina ƙera libarbar 1873 a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, bisa tunanin zamaninta ya wuce. Finafinan kaboyi a silima da talabijin suka ta da sha'awarta, har wasu ƙananan kamfanoni suka fara ƙera kwaikwayonta, Colt kuma ya ga ba shiri ya dawo da ita kasuwa a 1956. Waɗannan kuwa masu dalma ne. Tasirin da ya fi wannan nauyi shi ne na kan samari. Ron Kovic, wanda aka haifa a 1946, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 1976 yadda kallon Saja Stryker yana yaro ya cusa masa son shiga soja. Ya shiga a 1964, harsashi ya same shi a Biyetnam a Janairun 1968, bai sake taka ƙafarsa ba.

A cikin wannan shekara ta 1968 ce Wayne ya saki The Green Berets, babban fim ɗaya tilo da Holiwud ta yi don goyon bayan yaƙin Biyetnam yayin da ake tsakiyar yinsa. Shi da kansa ya rubuta wa Shugaba Lyndon Johnson neman taimako, rundunar soja kuma ta buɗe masa barikin Fort Benning a Jihar Jojiya, ta ba shi jirage masu saukar ungulu da makamai. Bindigar wannan karon ita ce M16. A daidai lokacin da ake ɗaukar fim ɗin a 1967, wani kwamitin majalisar wakilan Amurka na binciken dalilin da ya sa wannan bindiga ke cijewa a hannun sojoji a tsakiyar faɗa, ya kuma gano cewa an sauya irin albarushin da aka tsara ta da shi, an kuma aika da ita daji ba tare da isassun kayan gogewa ba. Ta Kanar Kirby ba ta cije ko sau ɗaya ba. Da labari ya kai inda zai rotsa wata a jikin bishiya, masu lura sun gano cewa ta wasan yara ce ta roba, ƙirar kamfanin Mattel. Masu sharhi sun yi wa fim ɗin kaca-kaca, amma ya ci kasuwa.

Lambar Oscar ɗin da ya daɗe yana jira ta zo ne ta hanyar komawa ga tsofaffin abokansa biyu. A True Grit na 1969 ya fito a matsayin Rooster Cogburn, tsohon ɗan sanda mai ido ɗaya, mai teɓa, mashayi, wanda ya sa linzami a haƙora, Colt a hannu ɗaya, Winchester mai babban zobe a ɗayan, ya tunkari mutum huɗu a fili. Wulwulawar 1939 ce ta dawo bayan shekara 30, daga mutumin da tun 1964 sankara ta sa aka cire masa huhun hagu, sakamakon tabar da yake zuƙa ba ƙaƙƙautawa. Wannan karon akwai barkwanci a ciki, kuma ba shi ya gama faɗan ba: dokinsa ya faɗi ya danne shi, sai wani ne ya cece shi da harbi daga nesa. Da ya tsaya nan da an yafe masa da yawa. Sai ga shi a 1971, a wata hira da mujallar Playboy, ya bayyana cewa ya yarda da fifikon farar fata har sai baƙaƙe sun kai matakin ilimin da shi yake ganin ya isa, ya kuma ce bai ga laifi ba a ƙwace ƙasar 'yan asalin Amurka. Mu da kakanninmu suka ga bindigar Maxim a Kano da Sakkwato a 1903 ba ma buƙatar a fassara mana irin wannan magana. Yaran da suka yi ta tafi a silima duk lokacin da wani Ba-Apache ya faɗo daga doki ba su san da wannan ba.

Daga nan zamani ya fara barinsa. Nasarar Clint Eastwood a Dirty Harry ta sa shi ma ya gwada zama ɗan sandan birni a McQ na 1974, aka danƙa masa MAC-10, wata 'yar guntuwar mashinga da ke zazzage harsashi 30 cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Ba ta dace da shi ba ko kaɗan. Duk darajar kaboyinsa ta rataya ne a kan jinkiri, a kan mutumin da ke ƙirga harsashinsa, yana ɗana kowane ɗaya da yatsa. Bindigar da ke feshi ba ta buƙatar irin wannan mutum.

Fim ɗinsa na ƙarshe, The Shootist na 1976, ya buɗe ne da guntayen harbe-harbe daga tsofaffin finafinansa, a matsayin tarihin jarumin. J. B. Books tsohon ɗan bindiga ne da ya shigo garin Carson City a Janairun 1901, ranar da jaridu ke ɗauke da labarin mutuwar Sarauniya Biktoriya, ya je wurin likita, James Stewart kuma, aka gaya masa sankara ce, saura 'yan makonni. Libarba biyu masu zane da ya riƙe nasa ne na kansa, kyautar da kamfanin Great Western ya yi masa a shekarun 1950, wato ba Colt na asali ba ne, kwaikwayon nan ne da finafinai irin nasa suka haifar wa kasuwa. Waɗanda suka yi aikin sun ba da labarin cewa ya ƙi yarda a nuna shi yana harbin mutum ta baya, yana mai cewa bai taɓa yi ba a duk finafinansa. Da alama ya manta da ɗan kasuwar nan na The Searchers. Ya kuma sa an sauya ƙarshen labarin. Bayan Books ya kashe mutum ukun da ya gayyata mashaya, mai sayar da giya ya harbe shi ta baya, sai saurayin da ke bautar sunansa, wanda Ron Howard ya fito a matsayinsa, ya ɗauki bindigar ya rama masa, ya dubi jinin da ke hannunsa, ya yi jifa da ita can gefe. Books ya gyaɗa kai, ya cika.

A lokacin ɗaukar fim ɗin ba a gano wata sabuwar sankara a jikin Wayne ba. Sai a Janairun 1979 likitoci suka tarar da sankara a cikinsa, suka cire tumbin gaba ɗaya. Ya mutu a wani asibitin jami'a a Los Angeles ranar 11 ga Yuni, 1979, yana da shekara 72, makonni kaɗan bayan majalisar dokokin Amurka ta amince a buga masa lambar zinariya. An binne shi a kan wani tudu mai kallon teku a Newport Beach, kabarin ya yi kusan shekara 20 ba alama. A 1981 kuma aka fitar da wata Winchester ta musamman ɗauke da sunansa, da babban zoben nan a ƙarƙashinta, masu tara bindigogi suka yi ta rububi.